Baratarwa da Tsarkakewa: Abin da Ikilisiyoyi Suka Daidaita a Kai da Abin da Ya Rage

A daren 24 ga Disamba, 2024, marigayi Fafaroma Francis ya buɗe Ƙofa Mai Tsarki ta babbar majami'ar Bitrus da ke fadar Vatican, aka shiga shekarar Jubili ta 2025, wato shekara mai tsarki ta Cocin Katolika. Cikin abubuwan da aka yi shelarsu tare da wannan shekara har da rangwamen horon zunubi ga duk ɗan Katolika da ya cika wasu sharuɗɗa, kamar ziyarar ibada, da furta zunubi a gaban Fada, da cin jibin Ubangiji, da yin addu'a. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 31 ga Oktoba, an cika shekara 25 da sa hannu a kan yarjejeniyar da Cocin Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya suka ƙulla a birnin Augsburg na Jamus a 1999, inda suka ce bakinsu ya zo ɗaya a kan ginshiƙan koyarwar baratarwa. Wanda ya ji labaran nan biyu a jere yana da hujjar ruɗewa. Rangwamen nan ne ya tayar da rigimar Martin Luther a 1517, wadda ta kai ga rabuwar Furotesta da Cocin Katolika. In an daidaita, me ya sa yake nan har yau? In kuwa ba a daidaita ba, me aka sa wa hannu a 1999?

Amsar tana rataye ne a kan kalmomi biyu, baratarwa da tsarkakewa, da kuma yadda kowane ɓangare yake shata iyaka tsakaninsu.

Ma'anar kalmomin biyu

Baratarwa kalmar kotu ce. Tsofaffin littattafan koyarwa na Hausa suna cewa mutum ya "barata", wasu fassarorin Littafi Mai Tsarki na baya-bayan nan kuma suna cewa an kuɓutar da shi, ko ya sami karɓuwa a wurin Allah. Hoton da ke bayan kalmar shi ne na wanda ake tuhuma yana tsaye a gaban alƙali, sai alƙali ya ce an wanke shi, an sallame shi. Maganar alƙalin ba ta shiga zuciyar mutumin ta sauya masa hali ba, amma daga wannan lokacin ɗan sandan da ke tsaye a bakin ƙofa ba shi da ikon riƙe shi, kuma babu mai sake kiransa mai laifi a kan wannan ƙarar. A haka aka yi amfani da kalmar a Maimaitawar Shari'a 25:1, inda aka umarci alƙalai su wanke mai gaskiya su hukunta mai laifi. Karin Magana 17:15 ya ce wanda ya wanke mugu abin ƙyama ne ga Ubangiji. Sai ga Manzo Bulus a Romawa 4:5 yana cewa Allah yana baratar da marar tsoron Allah wanda ya ba da gaskiya. Yadda alƙali mai adalci zai wanke mai laifi ba tare da ya tauye adalcinsa ba, wannan ita ce tambayar da koyarwar baratarwa take amsawa, kuma amsar da Kirista duka suke bayarwa tana komawa ga mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa.

Tsarkakewa kuwa ba wankan jiki ko tsarkin da aka saba faɗa a yau da kullum ake nufi ba. Asalin ma'anarta keɓe abu domin Allah, daga nan kuma ta ɗauki ma'anar gyaruwar hali har rayuwar mutum ta dace da wanda aka keɓe shi dominsa. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga misalin da ya yi kusa da ita. Marini yakan tsoma farin ƙyalle a cikin baba, ya ɗago shi ya sha iska, launinsa ya juya daga tsanwa-tsanwa zuwa shuɗi, ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, sau da yawa, kafin shuɗin ya kama sosai. Tsomawa ɗaya ba ta isa, kuma ƙyallaye biyu da suka shiga rami ɗaya ba lalle su fito da duhu iri ɗaya ba.

Sabon Alkawari bai ajiye kalmomin a ɗakuna dabam-dabam kamar yadda littattafan tauhidi suke yi ba. Bulus ya kira mutanen Koranti tsarkaka tun a farkon wasiƙarsa ta fari, alhali a cikin wasiƙar yana tsawata musu a kan tsattsaguwa, da fasikanci, da kai juna ƙara gaban alƙalan waje. A 1 Korantiyawa 6:11 ya jera wankewa da tsarkakewa da baratarwa a matsayin abubuwan da suka riga suka faru. A 1 Tasalonikawa 4:3 kuwa tsarkakewa abu ne da ake nema daga gare su a gaba. Ibraniyawa 10:14 ya haɗa biyun a jimla ɗaya, inda ya ce da hadaya guda Almasihu ya kammala har abada waɗanda ake tsarkakewa.

Bulus da Yaƙub

A Romawa 3:28 Bulus ya ce ana baratar da mutum ta wurin bangaskiya ba tare da ayyukan Shari'a ba. A Yaƙub 2:24 an ce ta wurin ayyuka ake baratar da mutum, ba ta bangaskiya kaɗai ba. Dukansu biyu sun kafa hujja da aya ɗaya, wato Farawa 15:6, inda aka ce Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa wannan adalci ne. Mafi yawan masu fassara na Furotesta suna cewa abokan gardamar mutanen biyu ne suka bambanta: Bulus yana fama da masu son ɗora kaciya da dokokin Musa a kan sababbin masu bi, Yaƙub kuma yana fama da masu bangaskiyar fatar baki, irin wanda zai ga ɗan'uwansa ba tufa ba abinci ya ce masa ya sauka lafiya bai ba shi komai ba. A wurinsu Bulus yana magana a kan tushen karɓuwa, Yaƙub a kan shaidarta. Masu fassara na Katolika suna karɓar wannan bayani zuwa wani matsayi, amma suna ƙarawa da cewa Bulus kansa ya ce a Galatiyawa 5:6 abin da yake da amfani shi ne bangaskiya mai aiki ta wurin ƙauna, saboda haka ba a raba bangaskiyar da ke baratarwa da ƙaunar da take haifarwa.

Daga Agustin zuwa Luther

Karon farko mai girma ya faru ne a Afirka ta Arewa. Pelagius, wani malami daga tsibirin Birtaniya, ya koyar cewa tunda Allah ya ba da umarni, to lalle mutum yana da ikon cika shi da nufinsa. Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya ce zunubi ya riga ya raunana nufin mutum, har ma son yin nagarta kyauta ce daga Allah. Majalisar Carthage ta 418 ta ƙi koyarwar Pelagius, ta Orange ta 529 kuma ta ƙara da cewa farkon bangaskiyar ma alheri ne. Ke nan tun kusan shekara dubu kafin Luther, ikilisiyar Yamma ta riga ta tsaya a kan cewa ceto ta wurin alheri yake.

Sai dai Agustin da Latin yake karanta Littafi Mai Tsarki, kalmar Latin da aka fassara baratarwa da ita kuwa a ginin ta tana ba da ma'anar mayar da mutum mai adalci. Saboda haka a wurinsa da waɗanda suka biyo shi baratarwa ta ƙunshi gafara da kuma gyaran zuciya gaba ɗaya. Alheri kamar magani ne da ake zuba wa majinyaci ta wurin baftisma da sauran sakramenti har ya warke. A ƙarnonin da suka biyo baya aka gina tsarin tuba a kan wannan fahimta: mai zunubi ya yi nadama, ya furta a gaban Fada, a yi masa gafara, sa'an nan ya biya abin da ya rage na horo ta wurin azumi, ko addu'a, ko sadaka. Abin da bai biya ba a duniya zai biya bayan mutuwa a halin tsarkakewar da ake kira Furgatori. Rangwamen horon zunubi a nan ya samo gurbi. A koyarwar Katolika ba ya gafarta zunubi, sauran horon da ya rage bayan gafara yake ragewa.

A 1517 wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo a yankunan Jamus da takardun rangwamen, ana karɓar kuɗi, wani kaso yana tafiya ginin majami'ar Bitrus, wadda ƙofarta ce aka buɗe a 2024. Luther, malamin jami'ar Wittenberg kuma ɗan ƙungiyar sufayen Agustin, ya fitar da batutuwa 95 ranar 31 ga Oktoba yana neman a yi muhawara.  Damuwar Luther ta girmi batun takardu. Ya shafe shekaru yana azumi da furta zunubi bai sami kwanciyar rai ba, domin in karɓuwarsa ta dogara ga yawan gyaruwar da ta auku a cikinsa, ba zai taɓa sanin ko ta isa ba. A Romawa 1:17 ya fahimci adalcin Allah a matsayin kyautar da Allah yake bayarwa, bayan da can yana ɗaukarsa ma'aunin da za a hukunta shi da shi. Shekara guda kafin rigimar, a 1516, wani malami mai suna Erasmus ya buga Sabon Alkawari da Helenanci, harshen da aka rubuta shi da shi tun asali, malamai suka ƙara ganin cewa kalmar da Bulus ya yi amfani da ita ta furta hukunci ce.

Daga nan koyarwar Luther da abokinsa Philip Melanchthon ta tsaya a kan cewa adalcin da mutum yake tsayawa da shi a gaban Allah na Almasihu ne, ana lasafta masa shi, yana karɓarsa ta bangaskiya kaɗai. Kamar babbar riga ce da aka yafa wa mai tsumma. Mai bi, in ji Luther, mai adalci ne kuma mai zunubi a lokaci guda: cikakken mai adalci idan aka dube shi a cikin Almasihu, mai zunubi idan aka dube shi a kan kansa. Da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522 ya ƙara kalmar "kaɗai" a Romawa 3:28, yana cewa ma'anar ayar ce ta bukaci haka, a gabatarwarsa kuma ya rage darajar wasiƙar Yaƙub har ya kwatanta ta da ciyawa. Abokan hamayyarsa ba su manta masa da waɗannan biyun ba.

Martanin Trent

An yi ƙoƙarin sulhu. A taron Regensburg na 1541 wakilan ɓangarorin biyu, ciki har da Melanchthon da Kadinal Contarini, sun amince da rubutu ɗaya a kan baratarwa, amma Luther bai gamsu da shi ba, Roma ma haka, taron kuma ya watse a kan batun ikon ikilisiya da jibin Ubangiji. Majalisar Trent, babban taron bishop-bishop na Katolika, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563, ta fitar da matsayarta ranar 13 ga Janairu, 1547, a babi 16 da hukunce-hukunce 33.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne hukuncin farko na Trent ya la'anci duk wanda ya ce mutum zai iya barata da ayyukansa ba tare da alherin Allah ta wurin Almasihu ba. Majalisar ta kira bangaskiya mafarin ceto da tushen baratarwa da saiwarta. Amma ta ce baratarwa ba gafarar zunubi kawai ba ce, ta haɗa da tsarkakewa da sabunta mutum daga ciki. Ƙorafin Katolika a kan misalin riga ya yi kama da abin da Bahaushe yake nufi da cewa kayan aro ba ya rufe katara: in Allah ya kira mutum mai adalci alhali a ciki bai sauya ba, hukuncin ya zama na suna kawai, maganar Allah kuwa tana aikata abin da ta faɗa. 'Yan Lutheran suka amsa cewa rigar kyauta ce, ba aro ba, kuma wanda aka yafa wa ita ba a barinsa da dattinsa, sai dai wankan da ake yi masa daga baya ba shi ne dalilin shigar da shi gida ba.

Daga ma'anar da Trent ta ba kalmar sauran matsayinta suka fito. Tunda baratarwa ta ƙunshi gyaruwa, tana iya ƙaruwa ta wurin ayyukan da aka yi cikin alheri. Tana iya ɓacewa saboda babban zunubi, a maido ta ta wurin sakramentin tuba. Ayyukan mai bi suna da lada na gaske, ko da yake ladan kansa kyautar Allah ce. Ba wanda zai iya sani da tabbacin da ba kuskure cewa yana cikin alheri. Sha'awar zunubi da ta rage a cikin wanda aka yi wa baftisma kuma ba zunubi ba ce a kanta sai in ya biye mata, abin da ya saɓa kai tsaye da maganar Luther ta mai adalci kuma mai zunubi. Game da rangwame, Trent ta riƙe shi amma ta hana cin kazamar riba da shi, a 1567 kuma Fafaroma Pius na 5 ya soke duk rangwamen da aka haɗa da biyan kuɗi.

Su ma Furotesta ba baki ɗaya suke ba

A kan baratarwa Furotesta sun fi kusa da juna, a kan tsarkakewa ne suka rarrabu. John Calvin, jagoran Furotesta na birnin Geneva, ya koyar cewa wanda ya haɗu da Almasihu yana karɓar alheri biyu tare, ya kwatanta su da hasken rana da zafinta: ba a raba su, amma ba da zafin ake gani ba, ba kuma hasken ke ɗumama jiki ba. Gajeriyar katekismar Westminster ta 1647 ta kira baratarwa hukuncin da aka yanke sau ɗaya, tsarkakewa kuma aikin da ake ci gaba da yi. A wannan fahimta baratarwa daidai take ga dukan masu bi, ta ɗan ajin baftisma ba ta gaza ta dattijon da ya shekara hamsin yana bi ba, tsarkakewa kuwa ta wani ta fi ta wani, kuma ba ta kammala a wannan rayuwa. Ikilisiyoyin bishara da dama a Arewacin Najeriya a kusa da wannan matsayi suke koyarwa.

John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya yarda da baratarwa ta bangaskiya, har yakan ce baratarwa ita ce abin da Allah ya yi dominmu, tsarkakewa kuma abin da yake yi a cikinmu. Amma ya koyar cewa mai bi zai iya kaiwa ga cikakkiyar tsarkakewa tun a duniya, yana kafa hujja da Matiyu 5:48 da 1 Tasalonikawa 5:23. Bai ce mutum zai daina kuskure ko jahilci ba, cewa ya yi ƙaunar Allah da ta maƙwabci za ta iya cika zuciya har ta kori zunubin ganganci. A ƙarni na 19 ƙungiyoyin tsarki a Amurka suka mayar da wannan albarka ta biyu da ake samu a lokaci guda bayan tuba. Farkawar titin Azusa a Los Angeles a 1906, ƙarƙashin William Seymour, wadda ta bunƙasa ikilisiyoyin Fentikos, ta yaɗa koyarwar mataki na uku, wato baftismar Ruhu Mai Tsarki. A 1910 William Durham ya ƙi matakin na biyu, ya ce aikin Almasihu a kan gicciye ya riga ya kammala, tsarkakewa tana farawa ne da tuba ta ci gaba da girma. Assemblies of God, da aka kafa a 1914, ta bi wannan layi. Dukan reshen biyu suna Najeriya: Apostolic Faith da Deeper Life, wadda W. F. Kumuyi ya fara a matsayin ajin nazarin Littafi Mai Tsarki a Legas a 1973, suna koyar da tsarkakewa a matsayin aikin alheri na biyu.

Ikilisiyoyin Orthodox na Gabas ba su shiga rigimar ƙarni na 16 ba. Sun fi bayyana ceto a matsayin tarayya da halin Allah bisa 2 Bitrus 1:4, ba su kuma cika rarrabe kalmomin biyu ba.

Abin da aka sa wa hannu a 1999

Yarjejeniyar Augsburg ta biyo bayan tattaunawar fiye da shekara talatin da aka fara bayan Majalisar Vatican ta Biyu. Kadinal Edward Cassidy da Bishop Walter Kasper ne suka sa hannu a madadin Katolika, Bishop Christian Krause da Ishmael Noko na Zimbabwe kuma suna cikin waɗanda suka sa a madadin Lutheran. Zuciyar takardar tana sakin layi na 15, inda ɓangarorin biyu suka shaida tare cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don wata cancanta tamu ba, Allah yake karɓarmu, muna kuma karɓar Ruhu Mai Tsarki wanda yake sabunta zukatanmu, yana shirya mu yana kiranmu ga kyawawan ayyuka. Rabin farko na jimlar baratarwa ce kamar yadda Lutheran suke nanatawa, rabi na biyu sabuntawar da Katolika suke karewa, an kuma jera su da karɓuwa a gaba.

Takardar ba ta ce bambanci ya ƙare ba. Hanyar da ta bi ita ce a kowane batu a faɗi abin da aka yarda da shi tare, sa'an nan kowane ɓangare ya bayyana nasa lafazin, ya kuma nuna cewa bai musanta abin da ɗayan yake karewa ba. Sakamakon shi ne la'anar da aka yi wa juna a ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar ɗaya ɓangaren kamar yadda aka bayyana ta a takardar ba. Ba a soke Trent ba, ba a kuma janye littattafan shaidar Lutheran ba. Batun mai adalci kuma mai zunubi ya kusa rusa aikin a 1998, lokacin da Vatican ta nuna shakka a kansa, sai da aka ƙara wani bayani a ƙarshen takardar kafin a sa hannu. Malaman tauhidi fiye da 150 a Jamus sun yi adawa da ita, Lutheran na Missouri Synod a Amurka, waɗanda ba sa cikin Tarayyar, sun ƙi ta, wasu 'yan Katolika masu riƙon gargajiya ma sun ga an yi sassauci fiye da kima. Hujjar masu suka ita ce jimla ɗaya da ɓangarori biyu za su karanta da ma'ana biyu ba ta warware komai ba. Masu goyon baya suka ce ai an gano ne cewa wani babban kaso na rigimar ya taso daga kiran abubuwa biyu da suna ɗaya.

Duk da haka da'irar ta faɗaɗa. Majalisar Methodist ta Duniya ta shiga a Seoul a 2006, Tarayyar Ikilisiyoyin Reformed ta Duniya ta shiga a Wittenberg a Yulin 2017, Anglican kuma ta amince da abin da takardar ta ƙunsa. A shekarar 2017 ɗin ce aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na Cocin Lutheran ta Almasihu a Najeriya, mai hedkwata a Numan ta jihar Adamawa, shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya, ya riƙe muƙamin har 2023. Mafi yawan ikilisiyoyin Baptist da na bishara da na Fentikos ba su cikin yarjejeniyar.

A nan amsar tambayar farko take. Takardar 1999 ba ta taɓa batun rangwame ko Furgatori ba, ta kuma lissafa ikon ikilisiya da aikin limamai da sakramenti cikin abubuwan da suka rage a tattauna. Ɗan Katolika yana ganin rangwame a ɓangaren warkar da ɓarnar da zunubi ya bari bayan an gafarta shi, don haka ba ya jin ya saɓa wa alheri kaɗai. Ɗan Furotesta kuwa yana tambaya, in an wanke mutum a kotu, wane horo ne kuma ya rage a kansa?

Yadda abin yake shafar mai zuwa sujada

Wurin da bambancin ya fi fitowa fili shi ne gefen gadon majinyaci. Idan dattijuwa ta tambayi fastonta ko Allah zai karɓe ta, wanda ya bi Luther ko Calvin zai ce ta dubi alkawarin Almasihu ta bar auna kanta, ya tuna mata da ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu, wanda aka yi wa alkawarin Firdausi a Luka 23:43 bai sami zarafin yin aiki ko ɗaya ba. Fada zai saurari furcinta, ya shafa mata mai, ya ba ta jibi, ya ce ta dogara ga jinƙan Allah. Bayan rasuwarta 'yan Katolika za su ci gaba da yi mata addu'a da Mas, 'yan Furotesta kuwa za su yi wa iyalinta addu'a su gode wa Allah saboda rayuwarta, domin a wurinsu babu sauran abin da za a ƙara mata.

Na biyu shi ne horon ikilisiya. A ikilisiyoyi da yawa na Arewa, idan an sami mai bi da laifi a fili, dattawa sukan zauna da shi, a sanar ranar Lahadi cewa an sa shi ƙarƙashin horo. Zai ajiye aikin da yake yi a ƙungiyar mawaƙa ko zumuntar mata, ya koma bencin baya, idan an zo jibin Ubangiji faranti ya wuce shi, har sai bayan wasu watanni a tsayar da shi a gaba a karɓe shi. A koyarwar waɗannan ikilisiyoyi horon yana ɓangaren tsarkakewa ne, gyara ne irin na uba da ɗansa. Amma idan ba a bayyana haka ba, wanda ke bencin baya yakan ɗauka Allah ma ya ajiye shi sai ya cika watanninsa, sauran jama'a kuma su ɗauka wanda bai taɓa zama a bencin ba ya fi shi karɓuwa. Misalin Bafarisiye da mai karɓar haraji a Luka 18 ya ƙare ne da cewa mai karɓar harajin, wanda ya tsaya daga nesa yana bugun ƙirji, shi ya koma gida baratacce.

Haka abin yake ga kuɗi da sutura. Inda aka gabatar da zakka da baiko a matsayin sharaɗin samun tagomashin Allah, an koma kusa da abin da Luther ya yi ƙorafi a kai, ko da sunan cocin na Furotesta ne. Inda aka mayar da ɗaurin ɗankwali ko barin 'yan kunne ma'aunin ceto, alamar tsarkakewa ta hau kujerar baratarwa. Ikilisiyoyin tsarki suna amsa cewa Ibraniyawa 12:14 ya ce in ba tare da tsarki ba babu wanda zai ga Ubangiji, suna kuma nuna mai karɓar harajin nan mai suna Zakka na Luka 19, wanda tubarsa ta kai shi ga mayar da abin da ya ƙwata ninki huɗu. Koyarwarsu ta mayar da haƙƙi ta sa mutane sun koma sun biya bashin da suka danne, ko sun furta takardar bogin da suka sami aiki da ita. Ta ɗaya gefen kuma akwai masu wa'azin alheri da suke cewa tunda an gafarta zunubin jiya da na gobe, mai bi ba ya bukatar furta zunubi ko damuwa da halinsa. Dietrich Bonhoeffer, fasto ɗan Lutheran da gwamnatin Nazi ta kashe a 1945, ya kira irin wannan alheri mai araha. Bulus ya riga ya hango shi a Romawa 6:1, inda ya tambaya ko sai mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a ƙwarai. Babu ɗaya daga cikin manyan ɓangarorin, Trent ko Luther ko Calvin ko Wesley, da ya yarda da wannan matsayi.

Ga iyalan da miji ɗan Katolika ne matar kuma 'yar Lutheran, yarjejeniyar ta sauya yadda ake koya wa 'ya'yansu game da cocin ɗayan, domin malamin katekisma ba shi da hujjar cewa ɓangaren can yana koyar da ceto ta ayyuka zalla, ko ɓangaren nan ya yi watsi da ayyuka. Teburin jibi kuwa bai haɗu ba. A birnin Lund na Sweden, ranar 31 ga Oktoba, 2016, Fafaroma Francis da Bishop Munib Younan, shugaban Tarayyar Lutheran na lokacin, sun sa hannu a kan wata sanarwa da ta ambaci raɗaɗin waɗanda suke tarayya a dukan rayuwarsu amma ba sa iya tarayya a teburin Ubangiji. Dokar Katolika ta bar wannan sai a wasu keɓaɓɓun yanayi, saboda batun ya rataya a kan naɗin limamai da ma'anar jibin kansa, waɗanda suke cikin jerin abubuwan da takardar 1999 ta ce ba a kammala tattaunawa a kansu ba.